SHARHI: Yadda ƙaramar lasifikar waya ta zama alƙalin waƙoƙin Najeriya

Sanarwa biyu suka fito a farkon shekarar 2025 waɗanda suka shafi mawaƙan Najeriya, ko da yake ba kasafai ake haɗa su cikin zance ɗaya ba. A watan Janairu, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin 100. Bayan 'yan makonni kuma kamfanin Spotify ya bayyana cewa waƙoƙin 'yan Najeriya sun samar da fiye da naira biliyan 58 a dandalinsa cikin 2024, ninki biyu da ɗoriya na biliyan 25 da suka samar a 2023. Sanarwa ta biyu albishir ce cewa akwai kuɗi a sauraron waƙa ta intanet. Ta farkon kuwa gargaɗi ce cewa hanyar da mai sauraro zai bi ya kai wa mawaƙi wannan kuɗi ta ƙara tsada. Tsakanin albishir ɗin da gargaɗin akwai wani mutum da ba a cika jin sunansa ba, alhali a gabansa ake yanke shawarar irin waƙar da za ta fita: wadda za ta ci kasuwar intanet, ko wadda za ta ci kasuwar hannu da hannu.

Mutumin nan shi ne mai haɗa sauti, wanda wasu ke kira injiniya. Aikinsa hawa biyu ne, 'yan situdiyo kuma suna kiransu miksin da mastarin. A hawa na farko ana ɗauko muryar mawaƙi da ta 'yan amshi da ganguna da fiyano da bes, waɗanda aka naɗi kowanne a layinsa daban, a daidaita ƙarfinsu, a rage wa wannan kauri, a ƙara wa wancan kaifi, a ba kowa mazauninsa har su zama abu guda. Hawa na biyu ya fi kama da aikin 'yan bugu bayan tufa ta fito daga marina: ba a sake rini, ba a ƙara zane, sai dai a buga ta har ta kwanta ta yi sheƙi. Duk wanda ya san bugu kuwa ya san idan ya yi yawa zare yake ci.

Babbar tambayar da ke gaban mai wannan aiki ita ce: a cikin me za a ji waƙar? Shekaru talatin da suka wuce amsar ita ce rikoda mai kaset, ko akwatin rediyo, ko mota. Yau amsar ita ce wayar hannu, galibi kuma ba mai tsada ba. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, shi ke sayar da kusan rabin wayoyin zamani da ake saya a Afirka, kuma daga gidansa manhajar Boomplay ta fito a 2015, aka riƙa sa ta cikin wayoyin tun daga masana'anta. Ke nan wata lasifika da ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba ita ke yanke hukunci a kan abin da ɗan acaɓa a Mararaba, da mai shayi a Agege, da amarya a unguwar Sabo ta Ibadan za su ji daga waƙar da aka kwana ana haɗawa a Zoo Road ta Kano ko a Lekki ta Legas.

Abin da waya ba ta iya furtawa

Sauti girgizar iska ce. Kunnen matashi lafiyayye yana jin abin da ya kama daga girgiza 20 a daƙiƙa guda har zuwa 20,000. Gwargwadon ƙarancin girgizar, gwargwadon kaurin sautin, kuma sauti mai kauri sai an tura iska mai yawa yake fita. Shi ya sa tambari yake da faɗin baki, shi ya sa kuma sifikun biki suke cika bayan mota. Lasifikar waya ba ta da wannan fili. Abin da ke ƙasa da girgiza 200 kusan ba ta furta shi, mai araha ma tun kafin nan take fara gazawa. Bes ɗin da waƙoƙin zamani ke tinƙaho da shi, irin wanda aka gada daga na'urar Roland TR-808 ta 1980, mazauninsa tsakanin 40 da 60 ne. A waya, in ba a yi masa dabara ba, babu shi ɗungurungum.

Dabarar kuwa tsohuwa ce, kuma a kan wani hali na kunnen ɗan Adam ta dogara. Kowane sautin kiɗa yana tafe da 'ya'yansa, waɗanda ke girgiza ninki biyu da uku da huɗu na uwar. Idan uwar tana kan 55, 'ya'yan suna kan 110 da 165 da 220 da 275, haka dai har sama. Masana sun daɗe da gano cewa muddin kunne ya ji 'ya'yan a jere, ƙwaƙwalwa takan cike gurbin uwar ko da babu ita. Ta wannan hanya ake gane kaurin muryar dattijo a kiran waya, alhali layin kira na gargajiya abin da ke tsakanin 300 da 3,400 kaɗai yake ɗauka. Saboda haka mai haɗa sauti yakan ɗan gurɓata bes ɗin da gangan, ya sa masa ƙaiƙayi, don ya haifi 'ya'yan da waya za ta iya furtawa. Mai sauraro sai ya rantse ya ji dukan bes a ƙirjinsa, alhali inuwarsa kawai ya ji.

Wannan na cikin dalilan da suka sa gangar amapiyano, wadda ta zo daga Afirka ta Kudu ta mamaye Legas, musamman bayan faifan farko na Asake a 2022, ta dace da zamanin waya. Sautin nata yana da gindi mai kauri don manyan sifiku, yana kuma da wani ƙwanƙwasa a sama da ke fita tsaf a ƙaramar lasifika. Ganga ce mai fuska biyu, kowa ya samu rabonsa.

Akwai kuma tarko na biyu. A situdiyo sifiku biyu ne, na dama da na hagu, kuma akwai dabarun faɗaɗa sauti da ke sa a ji kamar 'yan amshi sun zagaye ɗaki. Yawancin wayoyi masu araha kuwa baki ɗaya gare su, a nan ake zuba dama da hagu su haɗu. Idan an faɗaɗa sautin ta hanyar saɓa girgizar ɓangarorin biyu, suna haɗuwa sai su kashe juna. Amshin da ya cika situdiyo sai ya koma raɗa, wani lokaci fiyano ya ɓace kamar ba a taɓa kaɗa shi ba. Maganin danna maɓalli ɗaya ne, a saurari waƙar da baki guda kafin a sake ta. Abin mamaki shi ne yawan waƙoƙin da ke fita ba a danna shi ba.

Gwada waƙa a ƙaramar lasifika ba baƙon abu ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Kamfanin Motown na birnin Detroit a Amurka yana yin haka tun cikin shekarun 1960, domin ya san a rediyon mota za a ji waƙoƙinsa. Manyan situdiyon duniya sun shafe shekaru suna ajiye ƙananan sifikun Auratone a kan teburin aiki don wannan manufa. Bambancin shi ne can ana leƙa ƙaramar lasifika ne don a tabbatar, sannan a koma babba. A nan sau da yawa ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe.

Arewa ta riga kowa shiga wannan zamani. Bayan shigowar wayar salula a watan Agustan 2001, waƙa ta fara da kiɗan jiran kira, daga nan ta koma katin memori da Bluetooth, sai ga sana'ar masu tura waƙoƙi ta kafu a bakin kasuwanni da tashoshin mota, daga Farm Centre ta Kano har unguwannin Hausawa na kudu. Kaset da faifan CD suka mutu a tsaye. Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, ya nuna ƙarfin wannan hanya. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon situdiyon Hausa da muryar da aka bi ta Auto-Tune. Ba kamfanin da ya rarraba masa shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahel har suka shiga kunnen Ba'amurke Christopher Kirkley, wanda ya sa ɗaya cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Daga nan ƙofar duniya ta buɗe wa Moctar.

Ribar Bahaushe da asararsa

A wani ɓangare waƙar Hausa ta yi sa'a. Magana ce kafin ta zama kiɗa. Mai sauraro baiti yake bi, da zambo da habaici da kirari. Kunnen ɗan Adam ya fi kaifin ji tsakanin girgiza 2,000 da 5,000, a nan baƙaƙen magana suke rarrabewa, a nan kuma lasifikar waya ta fi ƙarfi. Waƙar da muryar mawaƙi ke gaba, kiɗa yana biye, ba ta rasa komai na ma'anarta a waya. Yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe gidaje a 2020 ta gajerun bidiyon waya shaida ce. Haka waƙoƙin siyasa, waɗanda ake ji ta waya da ta lasifikar ƙaho a saman motar kamfe, duka biyun kuwa tsakiyar sauti kaɗai suke fitarwa. Yayin da zaɓen 2027 ke matsowa, situdiyo za su cika da irin wannan aiki, kuma ba wanda zai tambayi ina bes.

Asarar tana wajen kayan kiɗa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya da siririn sauti, yana ratsa waya kusan cikakke. Kalangun da ke bayan Mamman Shata rabi yake wucewa: ana jin dukan gula a kan fata, amma wancan lanƙwasar murya da makaɗi ke yi idan ya matsa igiyoyi a hammatarsa, wadda ta sa ake cewa kalangu yana magana, takan yi rauni a inda ta gangara ƙasa. Kotson Musa Ɗanƙwairo ma haka. Tambarin fada, da mandirin majalisin zikiri, da ƙwaryar amada da ake kifawa a ruwa irin ta su Barmani Choge, waɗannan a gindi ransu yake, kuma gindin ne waya ke yankewa. Abin da ke saura ƙwas-ƙwas ne kamar ana dukan faranti.

Illar ba ta tsaya ga tsofaffin waƙoƙi ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya rubuta yadda fiyanon Yamaha ya shiga situdiyon Kano cikin shekarun 1990 ya maye gurbin makaɗan gargajiya a waƙoƙin finafinai. Waya tana ƙarasa abin da fiyano ya faro. Makaɗin situdiyo da ya gayyato mai ganga, ya naɗa, ya gwada a waya ya ji gangar ta ɓace, gobe ba zai sake kiransa ba. Zai ɗauko wani sauti mai kaifi daga kwamfuta ya sa a madadinsa. Amma wannan ba dole ba ne. Dabarar nan da ake yi wa bes ɗin Turawa har ya fita a waya tana aiki a kan tambari da mandiri. Ana iya sa makirfo ɗaya kusa da fata ya kama duka, wani nesa kaɗan ya kama gumza, sannan a fito da 'ya'yan sautin a miksin. Lokaci take ci da haƙuri, su kuwa sun yi ƙaranci a inda ake son a naɗi waƙa a gama ta a yini guda.

Hanya biyu, ma'auni biyu

Inda batun ya fi zafi shi ne ƙara. Sautin kwamfuta yana da rufi wanda ba a wuce shi. Idan ana son waƙa ta fi ta maƙwabci ƙara, sai a aske mata tsororuwa, wato wuraren da duka ya fi tashi, sannan a ɗaga sauran duka zuwa rufin. Kaɗan daga wannan gyara ne, har ma wajibi ne ga waƙar da za a saurara cikin hayaniyar kasuwa. Idan ya yi yawa, tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu takan shafe, dukan ganga ya rasa naushinsa, murya ta fara tsattsagewa. Turawa sun yi wannan tsere na shekaru, har masoya ƙungiyar Metallica suka yi ca a kan faifanta na 2008 saboda tsananin matsi.

Abin da ya rage wa tseren kaifi a can shi ne ma'auni. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da hanyar auna ƙara yadda kunne ke jin ta a 2006, daga nan aka samu ma'aunin LUFS. Spotify yana auna kowace waƙa ya daidaita ta a kan -14, YouTube ma kusan haka, Apple Music kuma -16. Waƙar da aka matse har ta kai -7, idan ta shiga Spotify za a rage ta da desibel 7. Ƙarar da aka saya da tsada ta tafi ke nan, tsororuwar da aka aske kuwa ba ta dawowa. Sai a jera ta da wata da aka bar mata numfashi, ƙararsu ɗaya, amma waccan tana duka, wannan tana lallashi. Gaskiya ne manyan waƙoƙin Legas da na Amurka ma sukan zarce -14 nesa ba kusa ba, to amma ƙwararru ke yi, da kunne da kayan aikin da ke nuna musu inda zare zai fara tsinkewa.

Fayil ɗin da ke cikin memori, ko wanda aka tura ta Xender ko Bluetooth, babu mai auna shi. A nan tseren yana nan da ransa. Waƙar da ta biyo bayan wata a wayar mai sauraro, idan ba ta kai ta ƙara ba, sai a ce ba ta da kwaliti, mawaƙi kuma ya dawo situdiyo yana ƙorafi. Mai haɗa sautin da ya ƙure ƙara ba jahilci ne ya sa shi ba. Kasuwarsa ya karanta daidai. Matsalar ita ce fayil ɗin nan guda da aka dafa don memori shi ake ɗauka a ɗora a YouTube da Spotify da Audiomack da Boomplay, inda kuɗin yake.

Lissafin data ne ke riƙe da hanyar hannu da hannu. Waƙar minti huɗu a fayil ɗin MP3 na yau da kullum ba ta wuce megabayit 4 ba, asalinta na situdiyo kuwa ya kai 40. Wanda ya karɓe ta sau ɗaya zai saurare ta sau dubu ba tare da ya ƙara kwabo ba. Mai saurare ta intanet ba tare da biyan kuɗin wata ba, data yake ƙonawa. Ƙarin kuɗin 2025 bai rage wa memori farin jini ba, kuma hankali ya nuna wanda aljihunsa ya fi rauni shi zai fi riƙe shi. Ta wannan hanya mawaƙi suna yake samu, da gayyatar biki, da kyautar masu mulki. Kuɗin sauraro kuwa ba ya biyowa ta nan. A ɗaya hanyar ma akwai sharuɗɗa: Spotify ba ya ƙirga sauraro sai ya kai daƙiƙa 30, kuma tun Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba ba ta shiga rabon kuɗi. Shi ya sa doguwar shimfiɗar kiɗa da aka saba buɗe waƙa da ita take ta gajercewa, amshi yana matsowa gaba.

Bayan haka akwai lalacewar da ke faruwa a hanya. MP3 da danginsa suna ƙanƙanta fayil ne ta hanyar zubar da abin da suke ganin kunne ba zai lura da shi ba. Zubarwa ɗaya ba ta cika damuwa ba. To amma waƙa takan fita daga situdiyo a matsayin MP3, a sa ta cikin bidiyo, a ɗora a status na WhatsApp a sake matse ta, wani ya sauke ya kai TikTok a sake matsewa, wani kuma ya ciro sautin ya mayar MP3. Kowane zango da abin da yake yagewa, tamkar kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi. Waƙar da aka ƙure har rufi ita ta fi jigata, domin matsewar takan sa tsororuwa ta ɗan tashi, ba ta kuma da inda za ta je sai ta fashe. Don haka ne Spotify ke ba da shawarar a bar tazarar desibel 1 ƙasa da rufin, ko 2 idan waƙar mai ƙara ce sosai. Shawarar kyauta ce, ta kuma fi amfani ga waƙar da za ta bi ta hannu goma fiye da wadda za ta zauna a dandali ɗaya.

Ranar tonon asiri ita ce ranar biki. DJ ya ɗora waƙar a manyan sifiku, sai a ji ɗaya cikin biyu: ko dai gindin fanko ne, saboda an yanke shi don a samu ƙara, ko kuma ya kumbura ya haɗiye murya, saboda mai haɗawa ya yi ta ƙara abin da ba ya ji.

Ba adalci ba ne a ɗora wa masu haɗa sauti laifin duka. A ƙananan situdiyo mutum ɗaya ne makaɗi, shi ne mai naɗa, shi ne mai miksin da mastarin, a ɗaki ɗaya da bangonsa ke mayar da amo, janareto na ruri a bayan taga. A irin wannan ɗaki ko sifiku masu kyau ƙarya suke faɗa game da bes. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya sun tsadar da fetur da duk kayan aikin da ake shigowa da su. A Afrilun 2024 kuɗin lantarkin rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa, a Oktoban shekarar kuma jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ke ƙirga litar mai ba zai kwana uku a kan waƙa ɗaya ba. Manyan Legas sun warware tasu matsalar da kuɗi: faifan Twice as Tall, wanda ya ci wa Burna Boy kyautar Grammy a 2021, Ba'amurke Jesse Ray Ernster ne ya yi aikin haɗa shi. Akwai ƙwararru a cikin gida, a Legas da Abuja da Kano da Kaduna, amma sana'ar koyon gani-da-ido ce, biyanta sau ɗaya ne, kuma sunan mai yin ta ba kasafai yake fita tare da waƙar ba. Ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin fasaha da aka kafa a 2023 za ta fi taɓa waƙar Najeriya da horar da irin waɗannan matasa fiye da kowane bikin baje koli.

Kunne ma yana biya

Waƙar da aka ƙara wa kaifi don ta huda hayaniya ta lasifikar waya, ita ce dai ake cusa wa kunne ta iyafis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa fiye da matasa biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Mizanin da ta fitar tare da ITU a 2019 ya ce babba kada ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Yankin da ake ƙara wa kaifin shi ne inda ramin kunne da kansa ke ƙara wa sauti ƙarfi, kuma a kusa da girgiza 4,000 lalacewar ji ta hayaniya ke fara bayyana. Waƙar da aka matse ba ta ba kunne hutu ko na ƙiftawar ido. A maɓallin ƙara ɗaya, abin da take zuba masa ya fi na wadda aka bar wa numfashi. Matashin da ke cikin A Daidaita Sahu kuma ƙara ɗagawa yake yi don ya danne ƙarar inji. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Masu haɗa sautin kansu, da ke yini da abin ji a ka, su ne a sahun gaba, kuma kunnen da ya fara dakushewa a sama kaifi yake ƙara wa waƙa ba tare da ya sani ba.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a daina tilasta wa fayil ɗaya ya yi aikin biyu. Bayan an gama miksin, fitar da mastarin kashi biyu ba ya cin awa guda: ɗaya mai ƙara don memori da WhatsApp, ɗaya mai numfashi, cikakken fayil ba MP3 ba, don dandalin intanet da rediyo da DJ. Sai kuma ajiya, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Yawancin waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da ke yawo a wayoyi yau daga kaset aka kwaso su, da shuuu ɗinsu da komai, kuma gyaransu yana da wuya tunda murya da kiɗa a cakuɗe aka naɗe su. Mawaƙin yau ba shi da wannan uzuri, domin kowane layi nasa daban yake a kwamfuta. Da waɗannan layuka ake sake haɗa waƙa idan kayan sauraro sun canza, kamar tsarin Dolby Atmos da Apple Music ya shigo da shi a 2021, kuma su masu fim da talla ke nema idan za su sayi izinin waƙa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023 tana kare abin da mutum ya mallaka, ba ta dawo da abin da ya goge. A ƙananan situdiyo kuwa, da zarar mawaƙi ya karɓi MP3 ɗinsa ya fita, ba wuya a share aikin don a samu filin na gaba, ko kwamfutar ta ƙone da shi ranar da wuta ta dawo da ƙarfi. Waƙar minti huɗu mai layi 30, a cikakken ingancin situdiyo, kusan gigabayit 1 take ci. Ma'adanar terabayit ɗaya, irin wadda ake sayarwa a Banex ta Abuja da Computer Village ta Ikeja, za ta ɗauki kusan 1,000.